Yadda Ake Tsara Fina-finan Hutun Sallah da na Ƙarshen Shekara a Ƙaramin Gidan Sinima

Ƙaramin gidan sinima mai zaman kansa, irin mai kujeru sittin zuwa ɗari da 'yan kai, wanda ya zaɓi nuna fina-finan da manyan sinimomin kantuna ba sa waiwaya, galibin shekara da mutane ƙalilan yake rayuwa. Ɗalibai ne, da malaman jami'a, da 'yan fim masu son ganin aikin wasu ƙasashe, da wasu tsirarun da kallo ya shiga jininsu. Ka san fuskokinsu, ka san kujerar da kowa yake so. Lokacin hutu ne kaɗai baƙi suke shigowa da yawa: mai gida da iyalinsa, 'yan mata cikin kayan Sallah, samarin da suka rasa tikiti a wani wuri. A waɗannan 'yan kwanaki ake samun kuɗin da zai riƙe gidan na watanni, a nan kuma ake samun sababbin 'yan kallo ko a rasa su.

Kuskuren da mai tsara shiri ya fi faɗawa shi ne ya zauna ya jero fina-finan da yake ƙauna, sannan ya nemi inda zai cusa su. Ni a ganina daga baya ake farawa. A fara da garin: ina mutane suke a kowace awa ta kwanakin hutun, su wa suke da sukuni, nawa ne a aljihunsu. Fim shi ne abu na biyu.

Mataki na farko: zana kwanakin hutun kafin ka ambaci sunan fim ko ɗaya

Ɗauki takarda ka ja layi bakwai, kowane layi rana ɗaya. Idan Sallah ce, kada ka rubuta kwanan wata. Rubuta "ranar Sallah", "washegari", "rana ta uku", haka har ƙarshe. Dalili a fili yake: sai an ga wata, Sarkin Musulmi ya sanar, kafin a san ranar ƙaramar Sallah, kuma ana iya samun bambancin kwana guda tsakanin Najeriya da Nijar. Wanda ya buga fosta da kwanan wata yana iya wayar gari ya tarar fim ɗinsa na buɗewa ya faɗo ranar talatin ga azumi. Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda ana sanin ranarta kwana tara ko goma kafin ta zo, amma ita ma fostarka za ta riga sanarwar fita.

Sallolin biyu ba halinsu ɗaya ba. A ƙaramar Sallah mutane sun fito daga wata guda na ibada, yara suna riƙe da kuɗin barka da Sallah, kowa yana neman wurin zuwa. Tun yammacin ranar farko za ka iya samun jama'a. A babbar Sallah kuwa ranar farko da ta biyu na nama ne. Maza suna fiɗa da rabo, mata suna gaban kasko suna suya, babu wadda za ta bar wannan aiki ta zo kallo. Idan kana da fim ɗin da kake sa ran mata da iyali za su cika, ajiye shi sai rana ta uku zuwa sama. Kwana biyun farko ka ba samari da yara.

Sai hawa. A Kano Hawan Daushe da yammacin washegarin Sallah ake yinsa, Hawan Nassarawa kuma da safiyar rana ta uku. Zariya da Katsina da sauran masarautu kowacce da nata tsarin. A shekarar da ake hawa, hanyoyi suna toshewa, jama'a suna can, babu amfanin sa babban fim ɗinka a wannan lokaci. A shekarar da aka dakatar da hawan, kamar yadda ya faru a Kano a 'yan shekarun nan, wannan yammacin ya zama naka, domin dubban mutane sun yi kwalliya ba su da wurin zuwa. Ka tanadi shiri biyu, ka jira sanarwa.

Yanayi ma yana cikin lissafi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, don haka Sallah tana tafiya baya. A 2025 ƙaramar Sallah ta zo ƙarshen Maris, babba farkon Yuni, wato ɗaya cikin zafin bazara, ɗaya a bakin damina. Idan ɗakinka rufaffe ne, kuɗin sanyaya shi da rana zai ci ribarka. Idan a fili kake nunawa, kamar tsofaffin sinimomin Kano da ba su da rufi sai an jira dare, hadari ɗaya ya isa ya tashi taron. (Masu dogon hange su lura cewa wajen 2033 ƙaramar Sallah za ta faɗo daf da Kirsimeti. Wanda gidansa ya kai wannan shekara zai ga kasuwar da bai taɓa gani ba.)

Hutun Disamba shi kwanakinsa a tsaye suke, amma jama'arsa daban ce. A Jos da Kaduna da unguwanni irin Sabon Gari, ranakun 25 da 26 ga wata da 1 ga Janairu ranakun fita ne bayan an taso daga coci. Ɗalibai suna gida, 'yan birni sun dawo ganin dangi, wasu 'yan kasuwa kuma sun tafi garuruwansu, unguwa ta yi shiru. Bukukuwan aure sun cika Juma'a da Asabar. Ga hunturu: kallon dare a fili yana son a gama da wuri, ƙura kuma tana shiga majigi. A Nijar a ƙara da 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya.

Mataki na biyu: yanka yinin bisa lokutan salla

Wannan gajere ne amma shi yake raba gidan da ya san mutanensa da wanda ya kwafo jadawali daga waje. Fim ɗin da magariba ta tsinka a tsakiya ya lalace, rabin ɗaki zai tashi, waɗanda suka zauna kuma hankalinsu ya rabu. Gurabe huɗu ne masu kyau: na hantsi wajen ƙarfe goma sha ɗaya don yara, na bayan azahar, na tsakanin la'asar da magariba, da na bayan isha'i. Gurbin la'asar shi ne zinariya, amma bai fi awa biyu da 'yan mintuna ba, don haka fim mai minti 90 zuwa 110 ne ya dace da shi. Dogon fim ko dai ya tafi bayan azahar a yi hutun la'asar a tsakiyarsa da gangan, a sanar tun a fosta, ko ya tafi dare. Na daren kuma a tuna da hanyar komawa gida. A Kano an kafa dokar hana zirga-zirgar A Daidaita Sahu daga ƙarfe goma na dare a 2022, kuma ko babu doka, matar aure da ta zo da yara ba za ta zauna har sha ɗaya ba. Ka tanadi tabarmi da butoci da ruwa a harabar gidan, wannan ba alfarma ba ce, cikin aikin yake.

Mataki na uku: zaɓen fina-finai

Kada ka yi gasa da manyan sinimomi a kan sabon fim mai tashe. A Najeriya Disamba shi ne watan da suka fi cin kasuwa. A Tribe Called Judah na Funke Akindele ya fito a tsakiyar Disambar 2023, kafin Janairu ya yi nisa ya zama fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima. Haka manyan furodusoshin Kannywood suke ajiye fina-finansu don Sallah. Irin waɗannan suna zuwa da sharuɗɗa: kaso mai tsoka, da nunawa sau da yawa a yini har tsawon mako biyu. Mai allo ɗaya da ya karɓi wannan ya sallama hutunsa gaba ɗaya ga fim ɗin da ake nunawa a wuri mafi sanyi da faɗi. Abin da kake da shi wanda su ba su da shi, zaɓi ne.

Shirin hutu mai kyau yana tsayawa a kan ginshiƙi guda, fim ɗin da za a riƙa dawowa da shi kowace shekara har mutane su ɗauke shi cikin al'adar bikin. Ƙananan sinimomin Amurka da Birtaniya sun daɗe da gane wannan. It's a Wonderful Life, fim baƙi da fari na 1946, yana cika ɗakuna kowane Disamba a wurare irin Glasgow Film Theatre da Music Box na Chicago, alhali kowa ya gan shi a talabijin. Ba labarin ake biya ba, zaman tare ake biya. Wanda aka kawo yana yaro shi yake kawo 'ya'yansa. Darasin ba wai ka nuna wannan fim ɗin a Gusau ba. Darasin shi ne ka nemo naka, ka jure masa shekara uku ko da ta farko ba ta cika ba. Ginshiƙin yana son abu uku: kaka da jika su iya kallonsa a ɗaki ɗaya babu mai sunkuyar da kai, ya kasance da dariya ko waƙa, kuma mai shi ya yarda ya ba ka kowace shekara. Tsohon fim ɗin Hausa na zamanin kaset da mutane suka haddace waƙoƙinsa yana iya riƙe wannan matsayi, idan an samu kwafi mai kyan hoto. Tsohon fim ɗin Indiya ma haka, don dattawan da suka yi zamanin sinimomin Plaza da Orion da Marhaba na Kano ba su manta ba, sai dai yawancinsu suna kusan awa uku.

Bayan ginshiƙi sai fim ɗin yara. Nan ne ake samun cika da hantsi, nan ne kuma aka fi yin sakaci. Kalli duk abin da za ka nuna daga farko har rubutun ƙarshe, kada ka dogara da cewa katun ne. Kirikou et la Sorcière na 1998 kyakkyawan aiki ne da aka gina a kan tatsuniyar Afirka ta Yamma, amma an zana matan ƙauyen babu riga, abin da ya ba shi wahalar shiga kasuwa ko a Amurka. Uban da ya biya wa yara biyar ba zai saurari bayaninka na fasaha ba. Gajerun katun na Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya fara wannan aiki tun shekarun 1960, suna da daɗin haɗawa a yi shirin minti arba'in zuwa awa guda, wanda shi ne iyakar haƙurin ƙaramin yaro.

Sannan fim ɗin da dominsa ka buɗe gidan. A nan nake saɓa wa masu cewa a ajiye fina-finai masu nauyi sai bayan biki. A'a, a sa ɗaya ko biyu, amma a zaɓa da hankali, a kuma ba su gurbin da ya dace, wato rana ta huɗu zuwa sama, lokacin da hayaniya ta lafa mutane suka gaji da yawo. Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda aka yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, misali ne mai kyau. An daɗe ana zaton ya ɓata, aka gano shi, cibiyar Arsenal ta Berlin ta gyara shi tare da Hukumar Fina-finai ta Najeriya mai hedkwata a Jos, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Da Hausa yake, mutane da yawa sun karanta littafin a makaranta, amma ƙalilan ne suka taɓa ganinsa a babban allo. Ya haura awa biyu, don haka ba na gurbin la'asar ba ne. Akwai Sarraounia na Med Hondo, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa a 1899, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Burkina Faso, a 1987. Akwai ayyukan Oumarou Ganda, wanda shi ya fara cin wannan kyauta a 1972, kuma gajeru ne, ana iya haɗa biyu a zama ɗaya. Mandabi na Ousmane Sembène, kan magidancin da aka aiko wa kuɗi daga Faransa ya rasa yadda zai karɓa saboda takardu, yana sa ɗaki dariya ko da ba a jin Wolof, don kowa ya taɓa tsayawa a gaban tebur irin wannan.

Abin da ba na ba da shawara shi ne fim ɗin yaƙi ko ta'addanci ko mutuwar yara a kwana ukun farko, komai kyawunsa. Mutum ya sa sabuwar shadda ya fito da iyalinsa, bai zo a tuna masa da abin da yake ji a rediyo kullum ba. Irin wannan ya jira mako na biyu.

Ka bar gurbi guda ga 'yan gida: gajerun fina-finan ɗalibai da matasan daraktoci na garinku, huɗu ko biyar a zama ɗaya, a gayyato su su yi magana bayan an gama. Kowannensu zai zo da danginsa da abokansa, ɗakin ya cika da mutanen da ba su taɓa sanin gidan ba.

A mako guda, da allo ɗaya, fina-finai biyar zuwa bakwai sun isa. Maimaitawa ta fi yawan suna amfani, domin wanda ya ji daɗi ranar Talata shi zai turo mutane ranar Alhamis, kuma dole su tarar da fim ɗin yana nan.

Mataki na huɗu: izini, wanda ya kamata a fara wata uku kafin biki

Sayen faifai ko biyan kuɗin Netflix bai ba ka damar tara mutane ka karɓi kuɗinsu ba. Nunawa a bainar jama'a haƙƙi ne daban, kuma dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi hukunci a kansa. Kowane fim sai ka gano wanda yake riƙe da haƙƙin nuna shi a ƙasarku.

Na gida ya fi sauƙi: furodusa ne, ko magadansa, ko kamfanin da ya sayar wa. A zauna a rubuta, ko da shafi ɗaya ne, a sa hannu: sunan fim, sau nawa, waɗanne ranaku, kaso nawa, yaushe za a biya. Tsofaffin fina-finan Hausa sukan zo da rikici, don wani ya sayar wa ɗan kasuwa, ɗan kasuwa ya sayar wa tashar talabijin, kowa yana cewa nasa ne. Idan mutum biyu suka yi iƙirari, bar fim ɗin sai baɗi.

Na waje sai an yi wasiƙa. Tsofaffin fina-finan manyan kamfanonin Amurka da Birtaniya da yawa suna hannun kamfanin rarraba fina-finai na Park Circus. Fina-finan Afirka da aka gyara, wasu sun fito ne daga shirin da gidauniyar daraktan Amurka Martin Scorsese ta ƙaddamar a 2017 tare da UNESCO da ƙungiyar 'yan fim ta Afirka FEPACI da Cineteca di Bologna, da niyyar gyara guda 50. Institut français yana da rumbun fina-finan Afirka da ake samu ta cibiyoyin al'adun Faransa, amma galibi don nunin da ba na kasuwanci ba ne, wato ba a sayar da tikiti. Karanta wannan sharaɗin da kyau. A wasiƙarka faɗi gaskiya: yawan kujeru, kuɗin tikiti a naira ko sefa da abin da ya kama a dala, da sau nawa za ka nuna. Da yawa suna sassautawa idan suka ga ƙanƙantar ɗakin.

Abin da ke kashe shirin Disamba shi ne ofisoshin Turai da Amurka suna rufewa daga jajibirin Kirsimeti har bayan sabuwar shekara. Duk abin da bai iso hannunka ba kafin tsakiyar wata, ka ɗauka ba zai zo ba. Idan na'urarka irin ta manyan sinimomi ce mai karɓar DCP, wato kwafin fim na dijital da ake aika wa sinimomi, fim ɗin yana zuwa a kulle, sai da mabuɗin da ake kira KDM, wanda aka yi wa na'urarka ita kaɗai kuma yake aiki tsakanin ranaku da awoyin da aka rubuta. Don Sallah, roƙi a faɗaɗa wa'adin da kwana biyu gaba da baya, ka yi musu bayanin ganin wata, don ma'aikacin da ke Landan ba lallai ya san da shi ba. Duba kuma da agogon wace ƙasa aka rubuta lokacin.

Sai hukuma. A Najeriya Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, ita ke ba gidan kallo lasisi, ta kuma sa wa fim matakin shekaru. Kano tana da tata hukumar tun 2001, kuma amincewar Abuja ba ta ɗauke maka zuwa wurinta ba. Kai musu jerin fina-finanka tun kafin azumi ya yi nisa, kada ka bari sai goman ƙarshe da ofisoshi suka yi sanyi. Rubuta matakin shekarun kowane fim a fosta da bakin ƙofa, ka kuma tsaya a kansa.

Mataki na biyar: lissafi

Yarjejeniyar da aka fi yi da masu rarraba tsofaffin fina-finai ita ce kaso daga kuɗin tikiti, sau da yawa wajen 35 cikin ɗari, ko wani ƙayyadadden kuɗi da ba za a gaza shi ba, duk wanda ya fi yawa shi za ka biya. Sabon fim kasonsa yakan kai rabi.

Mu ƙaddara ɗakinka kujera 80 ne, tikiti naira 2,500, kuma kowane nuni yana cin naira 40,000 na man janareto da ma'aikata da shara. Bayan an cire kashi 35, abin da ya rage maka a kowane tikiti 1,625 ne. Kenan sai mutum 25 sun zauna kafin ka mayar da kuɗinka. Idan mutum 40 suka zo, an tara 100,000, mai fim ya ɗauki 35,000, ka biya 40,000, ka tsira da 25,000. To amma a ce mafi ƙarancin da ya gindaya 60,000 ne, kuma sau ɗaya ka nuna: ka tashi a tutar babu. Nuna shi sau uku a ƙarƙashin yarjejeniya ɗaya, a tara 300,000, kasonsa ya zama 105,000, ƙayyadadden kuɗin ya daina cizo. Wannan shi ne dalili na biyu na maimaitawa. Tambaya tun farko ko ƙayyadadden kuɗin na kowane nuni ne ko na duka.

Yi wa kowane gurbi wannan lissafi da farashin garinku. Za ka ga ginshiƙi da fim ɗin yara su ne suke ɗaukar nauyin fim mai nauyi, kuma babu laifi a hakan. Kada ka ƙara kuɗin tikiti don Sallah, mutane suna lura kuma suna riƙewa. Gara ka yi tikitin iyali, manya biyu da yara uku a farashi mai rangwame. Ribar da ba ka raba ta da kowa tana wurin gugguru da gyaɗa da zoɓo da kunun aya da ruwan sanyi. Sai dai bayan ƙaramar Sallah wasu suna azumin Sitta Shawwal, cinikin rana yakan ragu, na bayan isha'i ya ƙaru.

Mataki na shida: gwaji da fassara

Mako biyu kafin biki, kunna kowane fim a ɗakin da za a nuna shi, da majigin da lasifikan da za a yi amfani da su. Tsofaffin fina-finai hotonsu kusan murabba'i ne, idan aka ja shi ya cika allo mutane sukan zama gajeru masu faɗi, a bar shi yadda yake da baƙi a gefe. Zauna a layin ƙarshe ka ji ko magana tana fita, ka tuna ɗaki cike da mutane yana shanye sauti. Wanke matatar iskar majigi, musamman da hunturu. Ajiye kwafi na biyu na kowane fim a wata ma'ajiya, da kwamfuta ta biyu da aka riga aka gwada. Majigi da na'urar sauti su kasance a kan inbata ko batir, yadda idan aka ɗauke wuta hoto ba zai mutu ba kafin janareto ya tashi. Man kwana bakwai a saye shi kafin jajibiri.

Fassara ita ce ke yanke hukuncin ko baƙon da ya shigo zai dawo. Rubutun Turanci ko Faransanci mai gudu a ƙasan allo yana korar rabin ɗakin hutu. Idan mai fim ya yarda, a yi masa rubutun Hausa: layi biyu a lokaci guda, kowane layi kada ya wuce harafi 40, a taƙaita magana maimakon a bi ta kalma da kalma. Aikin mako biyu ne ga mutum ɗaya mai haƙuri, kuma da zarar an yi shi ya zama jarin gidan. Inda hakan bai samu ba, wani ya tsaya minti uku kafin a kashe fitila ya faɗi inda labarin ya faru da su wane ne manyan 'yan wasa, ba tare da ya tona ƙarshe ba. Minti uku, ba lacca ba.

Mataki na bakwai: sanarwa

Shafi ɗaya mai ɗauke da duka jadawalin, wanda za a iya karantawa a fuskar waya, ya fi fosta goma masu ado. A sake shi a WhatsApp da Facebook da TikTok kwana goma kafin biki, a maimaita a jajibiri da ainihin ranakun bayan an ga wata. Rediyo har yanzu yana kai wa iyaye, kuma su ne masu ba da izini da kuɗi. A cikin azumi a yi tallan da ladabi, a guji kiɗa da hotunan da za su jawo magana. Rubuta tsawon kowane fim da lokacin tashi, domin mai gida yana so ya san ƙarfe nawa iyalinsa za su dawo.

Mataki na takwas: ranar da ɗaki ya cika

Kada ka sayar da tikiti fiye da kujerunka, ko da mutum ɗaya, ko da ɗan uwan mai gidan ne. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El Duniya a Kano, mutum 331 suka rasu, kuma wannan musiba ta daɗe tana cikin dalilan da suka sa iyaye suke ƙyamar gidan kallo. Ƙofofin fita su kasance a buɗe ba kwaɗo, babu benci ko kujerar roba a kan hanya, jarkokin mai nesa da ɗakin, abin kashe gobara a inda kowa yake gani kuma ma'aikata sun san yadda ake amfani da shi.

Sa wa kujeru lamba, ka ware ɓangaren iyali da mata, da mace mai kula da shi. Yaran da suka zo ba babba a zaunar da su gaba kusa da ma'aikaci. Bar aƙalla minti talatin tsakanin nuni da nuni don shara da shan iska, kuma masu fita su bi wata ƙofa daban da masu shiga. Ranar Sallah taransifa takan maƙale, a tanadi canji da POS fiye da ɗaya. Ma'aikatanka ma suna da Sallah: raba aikin tun da wuri yadda kowa zai samu yini guda a gida, a kuma ba su goron Sallarsu kafin biki, ba bayansa ba.

Kafin kowane fim, nuna tallan abin da za ka kawo makonni biyu masu zuwa, a kuma miƙa wa kowa 'yar takardar jadawalin wata mai kamawa a bakin ƙofa. Wanda ya yarda a karɓi lambarsa don sanarwa, a karɓa.

Bayan an watse

A cikin mako guda aika wa kowane mai fim rahoton tikitin da aka sayar da kuɗinsa cif, don wanda ka biya a kan lokaci shi zai sake ba ka baɗi, wataƙila da sauƙi. Sannan buɗe littafi ka rubuta kowane nuni: rana ta nawa ga Sallah, ƙarfe nawa, mutum nawa, maza ko mata ko yara suka fi yawa, an yi hawa ko ba a yi ba, zafi ko ruwa, nawa aka yi ciniki a wurin gugguru, a wane minti mutane suka yi dariya ko suka fara fita. Tsakanin ƙaramar Sallah da babba kimanin kwana 70 ne kawai, don haka wasiƙun neman izinin shiri na gaba su fita a makon da ka rufe wannan littafin.